Takalmin Uwani a Cikin Toka

Nasiru, Hadiza, Aminu, kun sha tambayata dalilin da ya sa ba ma zuwa Kudan da sallah, alhali can ne gidanmu na gado, kuma tafiyar ba ta kai ta gajiyar da babur ba. Duk lokacin da ɗayanku ya tambaya sai in ce hidimomi ne, mahaifiyarku ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi. Ba hidima ba ce. Yanzu da idona ya fara gazawa, na ga gara in rubuta muku da hannuna kafin ku ji a bakin mutane, domin abin da ake faɗa a gari shi ne wana, Baba Sale, mutum ne mai riƙo, wai ya yanke zumunci da ƙaninsa saboda wasan kwaikwayo. Wannan zalunci ne ga mamaci. Ni na yi laifin, kuma ga yadda aka yi.

A wancan lokacin ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Ikara. Ina da kyamara ɗaya mai cin kaset, ta hannu, wadda na sayo a Zariya. Suna, ɗaurin aure, walimar sauka, taron 'yan siyasa, duk ni ake kira. Na iya riƙe kyamara ba ta rawa, na san inda zan tsaya rana ba ta cinye fuskar mutum ba, sai na ɗauka ai wannan shi ne fim. Finafinan Kano sun cika gidajen kallo, ni kuma raina yana ce mini in yi nawa, wanda ba rawa ba waƙa, labarin mutanenmu na fadama. Na rubuta shi a littafin rubutu na 'yan makaranta: wani manomin rake mai suna Audu, wanda wuta ta cinye gonarsa saura kwanaki kaɗan a sara. Na tara abokai muka gwada ɗaukar fitowa biyu, na ɗauki kaset ɗin na nufi Makarfi wajen Malam Tanimu, wani tsohon malamin firamare da ya yi shekaru yana shirya wa ɗalibai wasan dandali, kuma ya taɓa zama cikin masu shirya wasan talabijin a Kaduna. Na je ne don ya yaba mini. Ya kalla a ƙaramar talabijin ɗinsa a zaure, bai ko kai ƙarshe ba ya kashe.

"Wa ya ce wa wannan ya riƙa kaɗa hannu haka?"

"Ni ne, Malam. Fushi yake yi."

"Ka taɓa ganin mahaifinka yana fushi?"

"Na gani."

"Yaya yake yi?"

Na yi ɗan tunani na ce, "Shiru yake yi. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa."

"To don me ka sa wannan bawan Allah yana kaɗa hannu kamar mai korar kaji daga shanya?"

Daga ranar na zama ɗalibinsa. Kusan wata bakwai ina zuwa Makarfi duk ranar kasuwa, kuma ya hana ni zuwa da kyamara. Mukan zauna a rumfar wani mai sayar da buhunan banza, ya ce in zaɓi mutum ɗaya in kalle shi har ya ɓace. Ya nuna mini yadda wanda aka taya akuyarsa da arha yake kallon akuyar maimakon mai tayin. Ya nuna mini yadda mace mai jiran wani take gyara mayafin da bai zame ba. A wajensa na koyi cewa darakta ba mai ɗaga murya ba ne, mai lura ne. Cewa idan ka matso da kyamara kusa da fuskar mutum, to ka yi wa mai kallo alkawarin akwai abin gani a wurin. Cewa shirun da ke bayan magana ya fi maganar nauyi, kada a yi saurin yanke shi. Abin da ya fi maimaita mini shi ne wannan:

"Idi, kada ka taɓa ce wa mutum yi kuka. Ka samo masa dalili a cikin labarin, sannan ka matsa gefe ka ba shi wuri."

Rabin maganar na riƙe. Na riƙe dalili, na yar da cikin labarin.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Baba Sale, tunda ku ba ku san shi ba sai daga nesa. Ya girme ni da shekara tara. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gida da gona da Inna, kakarku, shi ya bar ni na yi makaranta na tafi Ikara yawon kyamara, bai taɓa yi mini gori ba. Manomin rake ne, kuma yana dafa mazarƙwaila da kansa. Yana da 'ya da ya sa wa sunan Inna, don haka ake kiranta Uwani. Ita ce take bin sa gona, ita ce kaɗai take iya cire masa hula ta gudu yana dariya. Shekara biyu kafin abin da nake ba ku labari, tana da shekara bakwai, ta faɗa rijiyar ban-ruwa a fadama. An yi ta nema tun hantsi. Shi ne ya ga takalminta ɗaya, ɗan silifas shuɗi, a bakin rijiyar, shi ne kuma ya shiga ya fito da ita. Ba wanda ya ga hawayensa. Ya karɓi gaisuwa a zaune daram, yana ba masu kuka haƙuri, har liman ya riƙa kawo misali da shi a wa'azi. Matarsa, wadda kuke kira Mama Lami, ta ce a fitar da takalmin daga gidan ba ta iya ganinsa. Inna ta karɓa ta ce za ta yar, amma ta naɗe shi a tsumma ta ɓoye a cikin kwalla a ƙarƙashin gadonta. Ni kaɗai ta gaya wa.

Da lokacin ɗaukar fim ya zo, Yaya Sale ya ba mu gonarsa mu yi aiki a ciki, kyauta, har da abincin rana daga gida. Ɗan wasan da zai fito a Audu, wani saurayi daga Zariya, ya zo kwana biyu, sai aka kira shi wani babban aiki a Kano ya tafi bai ko yi sallama ba. Na zauna a kunyar gona na rasa abin yi. Bello, abokin aikina, Bafulatanin Malikanchi wanda yake riƙe kyamara, ya nuna mini Yaya da haɓa yana can yana ɗaure rake.

"Ga Audunka can. Me kake nema a Zariya?"

Da na yi wa Yaya maganar, dariya ya yi har yana tari.

"Ni? Da furfurata? Mutane su ce Sale ya zama ɗan wasa?"

"Yaya, ba abin da za ka yi sai abin da kake yi kullum. In ba kai ba, aikin ya mutu."

Ya dube ni ya ce, "To, tunda ka sa ranka. Amma ban da rawa."

Ya yi ne don ni, ba don komai ba. Kuma ya iya, fiye da duk wanda na taɓa sa wa kyamara. Ba ya ƙara komai a kan magana, yadda aka ba shi haka zai faɗe ta kamar tasa. Muka yi mako uku lafiya lau, har muka iso fitowar da dukkan labarin ya rataya a kanta, inda Audu zai iso gona da safe ya tarar ta zama toka, ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu, ya fashe da kuka. An gama saran rake, mun ƙone busasshen ganyen da ya rage a wani ɓangare, wurin ya yi baƙi ƙirin yadda nake so. Sai dai bazara ta yi nisa, kullum da yamma hadari yana haɗuwa ta gabas, kuma ruwan farko yana sauka tokar ta tafi, sai wata shekara.

Kwana uku muna fama. Yaya zai taho, ya durƙusa, ya tona toka, ya ɗago fuska a bushe. Bello ya ce a shafa masa albasa ko man zafi a ido, na ƙi, domin Malam Tanimu ya raina wannan. Na zauna da Yaya na ce ya tuna wahalar shekara guda, ya tuna iyalin Audu da ba su da abin ci. Ya saurare ni tsaf, ya ce:

"Idi, gona ce fa. In ta ƙone sai a sake shukawa. Wane namiji ne zai yi kuka a kan rake?"

A nan ne tunanin ya zo mini. Ba zan ce muku shaiɗan ya ruɗe ni cikin gaggawa ba, domin na kwana da shi, na tashi da shi, na yi sallar asuba da shi a raina. Da hantsi Inna ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, na shiga ɗakinta na jawo kwallar na ɗauki ƙunshin na sa a aljihu. Na riga kowa isa gona. Na binne takalmin a cikin toka, daidai inda muka sa alamar da zai durƙusa, ba zurfi. Na ce wa Bello yau ya matso kusa da fuska, kuma duk abin da ya gani kada ya tsaya sai na ce. Bai san komai ba, Allah ne shaida.

Yaya ya taho daga bakin gona kamar yadda ya saba. Ya durƙusa. Ya sa hannu biyu cikin toka, sai na ga hannunsa na dama ya tsaya. Ya jawo abin a hankali, ya kaɗe shi, ya goge da babban yatsa har shuɗin ya fito. Sannan ya juya ya dubi gefen da rijiyar take, kamar yana sa ran ganin wani. Sai wata murya ta fito daga ƙirjinsa wadda ban taɓa jin irinta a bakin ɗan Adam ba, ba kuka ba ce irin wadda kuka sani, ta fi kama da ta dabbar da aka yanka ba a gama ba. Ya dafe takalmin a ƙirji ya kifa goshinsa a toka yana kiran Uwani, Uwani, yana cewa na ce ki jira ni, na ce ki jira ni. Duk waɗanda ke wurin suka daskare. Bello ya ɗago ido daga kyamara ya ce da ni ƙasa-ƙasa:

"Idi, subhanallahi. Ya isa."

Na dafa kafaɗarsa na matse, na ce, "Ci gaba."

Wannan kalmar ce nake so ku sani. Sa takalmin laifi ne, amma mai yiwuwa a ce ban san girman abin da zai biyo baya ba. Ci gaba kuwa na faɗe ta ne ina gani da idona. Wana yana birgima a toka a gabana, ni kuma abin da ke raina shi ne haske ya yi kyau, kuma kada kaset ya ƙare. Sai da kukan ya lafa don kansa sannan na ɗaga hannu na ce a yanke.

Ya tashi a hankali, fuskarsa da gemunsa duk toka. Ya sa takalmin a aljihun rigarsa. Ya zo har gabana, na ɗauka mari zai yi, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce:

"Ka samu abin da kake so?"

Ya wuce ya bi hanyar gida a ƙasa, ya bar kekensa a jingine.

Da na shiga gida da yamma, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, kwallar a gabanta a buɗe. Ba ta kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce ɗan'uwanka.

"Ɗan'uwanka ya shiga ɗaki tun ɗazu bai fito ba, ko azahar a ciki ya yi. Ni na gaya maka inda abin nan yake, don na ɗauka ɗana nake gaya wa. Ka kawo kaset ɗin nan in sa a murhu."

"Inna, aikin mutane da yawa ne a ciki."

"Ban tambaye ka aikin mutane ba. Wurin nan kaɗai. Ka cire shi."

Na ce to. Na koma Ikara da niyyar cirewa, kuma na yi imani a lokacin da gaske nake. Amma da muka zauna tace fim ɗin a wani shago a Zariya, na kalli wurin a allo, sai na ga duk sauran aikin kamar wasan yara ne a gefensa. Na kai wa Malam Tanimu ya gani, ina fatan ya ba ni hujjar da zan riƙe. Ya kalla har ƙarshe wannan karon. Ya tambaye ni wace ce Uwani, tunda babu mai wannan suna a labarin. Na gaya masa gaskiya. Ya cire tabarau ya murza ido ya ce:

"Ba za ka ƙara ɗaukar abin da ya kai wannan ba har ka mutu. Kuma ba kai ka shirya shi ba, sata ka yi. Ɗan wasa yana ba ka abin da ya yarda ya bayar, ya tashi ya koma gida da sauran. Wannan mutumin me ka bar masa ya koma da shi?"

"To Malam, in cire?"

"Ka san amsa tun kafin ka hau babur. Ka zo ne in ce maka a'a."

Mahaifiyarku ma ta yi magana, sau ɗaya, tana goye da Nasiru. Ta ce mini, "Malam, fim ɗin nan za a kalla a manta. Yaya kuwa shi kenan gare ka." Na ce mata ba ta san aikin ba.

Ban cire ba. Na gaya wa kaina cewa ɓarnar ta riga ta faru, cirewa ba za ta mayar da komai ba, gara a ce wahalarsa ta yi amfani. Aka fitar da fim ɗin. A gidan kallo na Ikara maza suka riƙa share ido da hula, aka ɗaga hannuna sama, aka fara kirana darakta. Daga nan ne aka san ni, daga nan ne duk ayyukan da na ciyar da ku da su suka biyo. Shi kuwa Yaya a Kudan, mutumin da ake misali da haƙurinsa ya zama abin nuni. Wasu suna yaba masa, su tare shi a hanya su ce Malam Sale ashe haka ka iya, yaya ka yi hawayen nan suka zo? Wasu suka ce ya sayar da mutuwar 'yarsa don a san shi. Samari a tashar babura suna kwaikwayon muryarsa in ya wuce. Ya daina kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi da kansa. Ya koma sahun baya a masallaci. Bayan shekaru, da wayoyi suka yawaita, wani ya yanko wurin ya riƙa yawo a waya, ana haɗa shi da abin dariya, in ƙungiyar ƙwallo ta sha kashi sai a tura. Na yi ta roƙon mutane su goge, amma wa zan bi, wa zan bari.

Bai taɓa zagina ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. In na je gaida Inna na durƙusa na gaishe shi, zai amsa lafiya lau, ya tambayi iyali, ya tashi ya fita. Da Inna ta rasu, sai na ga zuwana azaba ce gare shi, na daina. Waɗannan su ne hidimomin da nake ce muku.

Shekara goma sha shida muka yi a haka. Da aka aiko mini cewa ciwonsa ya yi tsanani, na je na same shi kwance a zaure an jingina shi da matashi, ya rame har na kusa kasa gane shi. Na durƙusa na ce Yaya ka yafe mini. Ya dubi rufi ya ce:

"Na yafe tun tuni, Idi. Allah ya ce a yafe. Maganar mutane ma ba ta dame ni kamar yadda kake zato ba." Ya numfasa. "Abin da ka ɗauka ba shi ne kukan ba. Da, in na tuna yarinyar nan, ita nake gani, tana gudu da hulata. Tun daga ranar, in na tuna ta, kai nake gani a tsaye, hannunka a kafaɗar Bafulatanin nan. Na yi ta ƙoƙari in matsar da kai in gan ta, ka ƙi matsawa."

Ya rasu bayan kwana biyar.

Bayan an yi arba'in, Mama Lami ta aiko a kira ni. Tun ranar gona ba ta ƙara yi mini magana ba ban da amsa gaisuwa. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Ba ni da hotonsa ko ɗaya sai na katin zaɓe. An ce kana da sauran kaset ɗin da ba a sa a fim ba. Ka duba mini, ko akwai inda yake shi kansa, ba Audu ba. Ban da wurin nan."

Na koma na fito da tsofaffin kaset-kaset ɗin daga akwati, wasu sun ci danshi, na kai aka juye abin da ya tsira. Mako biyu ina dubawa. Na sami wurare da Bello ya bar kyamara tana aiki tsakanin ɗauka: inda Yaya ya manta maganarsa ya kama baki yana dariya, inda yake fere wa ma'aikata rake yana miƙa wa kowa, inda yake alwala a bakin kwata yana tsokanar wani da ya zame cikin laka. Na haɗa su, ba kiɗa, ba sunana a farko ko a ƙarshe. Duka bai fi minti goma ba. Na sa a waya na kai mata.

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta kalla tun daga farko har ƙarshe, ni ina tsugune nesa da ita a bakin ƙofa. Da ya ƙare ta kifa wayar a cinyarta.

"Ashe haka yake dariya," ta ce. "Wallahi na manta."

Ta jawo tiren wakenta ta ci gaba da tsinta. Na jira ko za ta ƙara wani abu. Can ta ce in gaida mutanen gida, na ce za su ji, na tashi na fito.